Raina Kama Ka Ga Gayya: 'Yan Kalmomin da Ke Riƙe da Jimlar Japananci

A watan Oktoba na 2014, a zaman kwamitin kasafin kuɗi na majalisar wakilan Japan, Ishihara Shintaro, marubucin ƙagaggun labarai kuma tsohon gwamnan Tokiyo, ya gabatar wa Firaminista Abe Shinzo wata buƙata mai ban mamaki. So yake a sauya gaɓa ɗaya tak a gabatarwar kundin tsarin mulkin ƙasar. A wurin da kundin yake maganar dogaro da adalci da amanar al'ummomi masu son zaman lafiya, an haɗa aikatau *shinrai suru*, wato amincewa, da 'yar kalma *ni*. Ishihara ya dage cewa *o* ce ta dace, kuma a ganinsa wannan tuntuɓe shaida ce ta cewa daga Ingilishi aka juyo kundin a zamanin da sojojin Amurka suke mamaye da ƙasar. Abe ya ba shi haƙuri, ya tuna masa cewa ko harafi ɗaya za a taɓa, gyaran tsarin mulki ke nan. Gyaran kuwa yana buƙatar amincewar kashi biyu cikin uku na 'yan kowace majalisa, sannan a kai shi ga ƙuri'ar raba gardama. Tun da kundin ya fara aiki a ranar 3 ga Mayu, 1947, ba a taɓa sauya masa ko ɗigo ba, saboda haka *ni* tana nan inda take.

Ko dattijon ya yi gaskiya ko ya yi tsanani, ya fahimci abin da masu koyon Japananci da yawa suke daɗewa ba su gane ba: nauyin jimlar wannan harshe yana kan kalmomin da suka fi kowace kalma ƙanƙanta. Japanawa suna kiran su *joshi*, ma'ana kalmomi mataimaka. Su ne irin su *wa, ga, o, ni, de, e, to, mo, no*. Littattafan koyarwa sukan jera su kamar kayan tebur, kowace da fassararta ta Ingilishi a gefe, a ce wa ɗalibi ya haddace. Wannan hanya tana ɓata lokaci, domin babu *joshi* da take da ma'ana ita kaɗai. Ko dai aikatau da ke ƙarshen jimla ne ya kira ta, ko kuma yanayin zancen ne ya buƙace ta. Mai jin Hausa kuma ya fi kowa asara idan ya bi ta Ingilishi, domin harshensa yana da yawancin ma'aunan da ake buƙata, waɗanda Ingilishi ba shi da su.

Maganar tana da amfani fiye da sha'awar nahawu. Gwamnatin Japan tana ba ɗaliban ƙasashen waje guraben karatu tun 1954, kuma a taron TICAD na biyar da aka yi a Yokohama a 2013 ta sanar da shirin ABE domin matasan Afirka masu neman digiri na biyu. Jarrabawar ƙwarewa a harshen, JLPT, wadda aka fara a 1984, tana da matakai biyar daga N5 zuwa N1. Cibiyar horar da jami'an diflomasiyyar Amurka tana ƙiyasta cewa mai jin Ingilishi yana buƙatar awa 2,200 a aji kafin ya iya aiki da Japananci. Wanda zai zuba irin wannan lokaci ya kamata ya duba ta wace ƙofa zai shiga.

Kowane kaya da sunan mai shi

A Hausa, matsayin kalma a jimla shi ke nuna aikinta. "Kura ta kama akuya" da "akuya ta kama kura" kalmomi ɗaya ne, amma labari biyu. A Japananci, lamba ake liƙa wa kowane suna a bayansa, kamar yadda ake rubuta sunan mai kaya a jikin buhu a tashar mota, ta yadda ko an sauya masa wuri a cikin motar ba zai ɓace ba. Jimlar *Tanaka ga Nagoya de Yamada ni hon o watashita* tana nufin Tanaka ya miƙa wa Yamada littafi a Nagoya. *Ga* ta nuna aikau, *de* ta nuna wurin da aikin ya auku, *ni* ta nuna wanda aka miƙa wa, *o* ta nuna karɓau. Ana iya dawo da *hon o* farko, ko a tura *Nagoya de* gaba, ma'anar wanda ya yi da wanda aka yi wa ba za ta motsa ba. Abu ɗaya ne ba ya barin wurinsa a daidaitacciyar jimla: aikatau, wanda yake zuwa a ƙarshe.

Japanawa sun daɗe da sanin cewa a nan asirin harshensu yake. A zamanin Heian, tsakanin 794 da 1185, malamai da limaman addinin Buda sukan karanta littattafan Sinanci da lafazin Japananci. Da yake Sinanci ba shi da irin waɗannan lambobi, sai suka riƙa ɗiga alamomi a kewayen harafin Sinanci domin tuna wa mai karatu wace 'yar kalma zai ƙara. A wani tsari da ya shahara, idan aka bi kusurwoyi huɗu na harafin daga ƙasa ta hagu aka zagaya, za a karanta *te, ni, wo, ha*. Daga nan aka sami tsohon sunan waɗannan kalmomi, *teniwoha*, kuma har yau idan aka ce *teniwoha* ɗin mutum ba su daidaita ba, ana nufin maganarsa ba ta da kai. A 1778 Fujitani Nariakira ya fitar da littafinsa *Ayui sho*. A tsarinsa ya kwatanta kalmomi da suturar mutum: aikatau shi ne tufa, kalmomin da ke gabatarsa su ne adon ka, 'yan kalmomin baya kuwa su ne igiyar da matafiyi ke ɗaure ƙafar wando da ita domin ya ji daɗin tafiya. Ko da aka gyara ƙa'idar rubutu a 1946 domin ta dace da furuci, an bar uku daga cikinsu da tsohon rubutunsu: ana rubuta *ha* a furta *wa*, ana rubuta *he* a furta *e*, ana rubuta *wo* a furta *o*.

Aikatau ne ke zaɓe

Kuskuren farko na jerin fassara shi ne ɗaukar cewa kowace *joshi* tana da takwara guda a wani harshe. *Ni* da *de* dukkansu suna iya zama "a" a Hausa, amma ana cewa *Nagoya ni sumu*, zama a Nagoya, sannan *Nagoya de hataraku*, aiki a Nagoya. Ta farko tana nuna inda abu yake ko inda ya sauka, ta biyu tana nuna fagen da ake gudanar da aiki. Shiga jirgin ƙasa *densha ni noru* ne, sauka daga cikinsa *densha o oriru*. Ratsa lambu da ƙafa *koen o aruku* ne, alhali tafiya ba ta da karɓau. Haɗuwa da aboki *tomodachi ni au* ce. Jin Japananci kuwa *nihongo ga wakaru* ne, domin a tunanin wannan aikatau harshen ne yake bayyana ga mutum.

Wanda ya yi karatun Larabci a zaure ba zai ga baƙon abu a nan ba. Ya san cewa *ragiba fi* kwaɗayin abu ne, *ragiba an* kuwa juya masa baya ne, kuma babu malamin da zai bar almajiri ya haddace fi'ili ba tare da harafin da yake tafiya da shi ba. Haka ya kamata a yi wa Japananci. Abin haddacewa shi ne *ni noru*, *o oriru*, *ga wakaru*, kowane aikatau da abokiyar tafiyarsa. Gardamar Ishihara ma a kan wannan take: wace kalma ce *shinrai suru* yake kira.

A wuraren da mai magana yake da zaɓi, zaɓin yana ɗauke da ladabi ko rashinsa. Baƙon da aka tambaya abin da zai sha, idan ya ce *ocha ga ii desu*, ya nuna shayi shi ne abin da yake so. Idan ya ce *ocha de ii desu*, ya ce shayin ma ya isa, tamkar wanda ya haƙura da abin da ya samu. Gaɓa ɗaya ce tsakanin godiya da raini.

Wa da ga: matsalar da Bahaushe ya riga ya warware

Babu tambayar da ta fi wahalar da masu koyo kamar bambancin *wa* da *ga*. Dalilin wahalar shi ne ana gaya musu dukkansu alamun aikau ne, sai su yi ta neman bambanci a inda babu shi. Mikami Akira, wanda ya shafe shekaru yana koyar da lissafi a makarantun sakandare, ya yi wa wannan fahimta bore a littafinsa na 1960 mai suna *Zo wa hana ga nagai*. Sunan littafin shi ne hujjarsa. Idan aka tambayi wane ne aikau a jimlar, giwa ko hanci, nahawun da aka aro daga Turai sai ya rikice. Bahaushe kuwa zai fassara ta nan take: "Giwa kam, hancinta dogo ne." *Wa* tana ɗaga abu ne ta ajiye shi a gaba a matsayin abin da za a yi magana a kansa, sauran jimlar kuma ta faɗi wani abu game da shi. Mikami ya kai ga cewa a daina amfani da kalmar aikau gaba ɗaya wajen bayanin Japananci.

Haka nan shahararren misalin da masana ke kira jimlar *unagi*, wani dogon kifi da ake gasawa. Mutum a gidan abinci yakan ce *boku wa unagi da*, wanda fassarar Ingilishi take mayar da shi mai iƙirarin shi kifi ne. Amma duk wanda ya taɓa zama a teburin mai shayi ya ji an ce "Ni shayi, shi kuma kofi," ba tare da wani ya zaci mai maganar ya rikiɗe ya zama abin sha ba.

A 1973 Kuno Susumu na Jami'ar Harvard ya rarrabe ayyukan kalmomin biyu a littafinsa kan tsarin Japananci. *Wa* tana nuna batun zance, ko kuma ta bambanta shi da waninsa. *Ga* tana keɓe abu ɗaya daga cikin jama'a, ko kuma ta ba da labarin abin da ido ya gani ba tare da ƙarfafawa ba. Uku daga cikin huɗun nan suna da gida a Hausa. *Tanaka wa kita* ita ce "Tanaka dai ya zo." *Tanaka ga kita*, a matsayin amsar tambaya, ita ce "Tanaka ne ya zo." Shi ya sa ba a taɓa cewa *dare wa*, tambayar "wa ya zo?" kullum *dare ga kita* ce, domin abin da ba a sani ba ba zai zama batun da aka riga aka ajiye a gaba ba. Ita kuwa *wa* ta bambantawa tana da dafi irin na "kam". Wanda ya ce wa abokiyar aikinsa *kyo wa kirei desu ne* ya faɗi daidai abin da Bahaushe yake faɗi da "Yau kam kin yi kyau," kuma tambayar da za ta biyo baya a harsunan biyu ɗaya ce: to, jiya fa? Ba banza ba ake kiran *dai, fa, kam, kuwa* da *ma* gishirin Hausa.

Kamancin ya fi haka zurfi idan aka koma tsohon Japananci. Motoori Norinaga, wanda ya rayu daga 1730 zuwa 1801, ya tsara a 1771 wani jadawali da ya nuna cewa idan aka ƙarfafa wata kalma da irin su *zo* ko *ya*, dole aikatau na ƙarshe ya sauya siga, ya ɗauki irin sigar da yake ɗauka idan yana siffanta suna. Ana kiran wannan ƙa'ida *kakari-musubi*, ratayawa da ƙullewa. Ta ɓace daga daidaitaccen Japananci na yau, kuma 'yan makarantar Japan suna shan wahalar haddace ta a darasin adabin gargajiya. A Hausa kuwa tana raye a bakin kowane yaro. Ana cewa "yara sun zo," amma "yara ne suka zo" da "su wa suka zo?", kuma wannan *suka* ita ce ta "yaran da suka zo." Idan batu aka ajiye a gaba ba ƙarfafawa aka yi ba, sigar ba ta sauyawa: "yara kam, sun zo." Harsunan biyu ba su da dangantakar asali, amma sun bi hanya ɗaya wajen raba abin da aka sani da abin da ake sanarwa.

Sarƙar aikatau

Rabin aikin na biyu yana jikin aikatau kansa. Ana ɗora masa ɗafa-ƙeya ɗaya bayan ɗaya bisa tsari tabbatacce. Daga *tabe*, ci, ana samun *tabesaserarenakatta*: *sase* ta sanyawa, *rare* ta wanda aka yi wa, *na* ta korewa, *katta* ta shuɗaɗɗen lokaci, wato ba a tilasta masa ya ci ba. Abin da Hausa ta shimfiɗa a kalmomi bakwai, Japananci ya dunƙule shi a ɗaya. Korewa da lokaci suna ƙarshe, don haka mai sauraro ba zai san an yarda ko an ƙi ba sai an kai aya. Masu tafinta daga Japananci sun san zafin wannan jira.

Babbar mahaɗar ayyuka ita ce sigar *te*. *Okite, kao o aratte, kaisha ni itta* tana nufin ya tashi, ya wanke fuska, ya tafi ofis. Hausa tana maimaita lamirin lokaci a gaban kowane aiki, Japananci kuwa yana barin ayyukan farko ba lokaci, sai na ƙarshe ya yanke hukunci a madadinsu. Idan aka mayar da *itta* ta zama *iku*, duk sarƙar ta koma abin da za a yi ko abin da aka saba yi.

Wannan *te* ɗin kuma ita ce ƙofar da wasu aikatau suke shigowa su gyara ma'anar na gabansu, kuma a nan ma Hausa tana da abin faɗi. Tsarin azuzuwan aikatau na Hausa da F. W. Parsons ya bayyana a 1960 yana yin irin wannan aiki da wasalin ƙarshe. *Katte kuru*, saya a zo, ita ce "sayo." *Tabete shimau*, ci a ƙare, ita ce "cinye," sai dai ta Japananci takan ƙara da nadama. *Kaite oku* rubutawa ce a ajiye domin gaba, *tabete miru* kuwa ci ne domin a ji yadda yake. Akwai kuma tagwayen aikatau: *doa o akeru*, buɗe ƙofa, da *doa ga aku*, ƙofa ta buɗu. Ma'aikacin da ya ce wa shugabansa *koppu ga wareta*, kofi ya fashe, alhali shi ya yar da shi, ya zame daga laifi. Wanda ya ce *koppu o watte shimaimashita* ya ɗauki laifin, ya kuma nuna nadama. Bahaushe ya san tazarar da ke tsakanin "ya fashe" da "na fasa," kuma a ofisoshin Japan ana auna mutum da wannan tazara.

Ko tsakanin sassan jimla, gaɓa guda takan juya zance. *Kusuri o nonda node* tana nufin saboda ya sha magani, *kusuri o nonda noni* kuwa duk da ya sha magani, tare da ƙorafin cewa maganin bai yi aiki ba.

Kama da wane ba ta wane

Akwai masu cewa duk wannan bincike wahalar da kai ne, tunda Japanawa kansu sukan zubar da *wa, ga* da *o* a hirar yau da kullum. Gaskiya ne suna zubarwa, amma suna yi ne a inda mai sauraro zai iya mayar da su da kansa. *De* da *kara* ba su cika faɗuwa ba, kuma a wasiƙar aiki, kwangila ko takardar bincike babu wadda ake zubarwa. Ɗan gari yana yanke hanya ne domin ya san inda babbar hanyar ta bi.

Gargaɗin da ya fi wannan nauyi shi ne kada a ja kamancin ya wuce iyakarsa. Ba kowace *ga* ce "ne" ko "ce" ba. *Ame ga futte iru* tana nufin ana ruwa, babu wata ƙarfafawa a ciki, kuma a cikin jimla mai dogaro da wata *ga* ce alamar aikau ta yau da kullum. A farkon tatsuniya ana shigo da tsoho da *ga*, daga baya a ci gaba da shi da *wa*, wanda ya fi kusa da bambancin "wani tsoho" da "tsohon." Sharaɗi yana da siga huɗu, *to, ba, tara* da *nara*, a inda Hausa ta fi yawan amfani da "idan" da "in." Sannan akwai aikatau na bayarwa da karɓa, *kureru, ageru* da *morau*, waɗanda ke nuna ta ina alheri ya fito da inda ya nufa. *Sensei ga oshiete kureta* ta ƙunshi cewa malam ya koya mini kuma ya yi mini alheri da hakan, godiyar tana cikin nahawun. Wanda ya cire *kureta* ya faɗi gaskiya, amma cikin sanyin jiki. Wanda kuma ya ce wa na gaba da shi *oshiete agemasu* ya yi masa gori tun kafin ya taimake shi. "Mini" da "maka" na Hausa ba su ɗauke da wannan nauyi, dole a koye shi sabo.

Duk da haka, wanda ya fara daga "Ni shayi," "yau kam," "sayo" da "ya fashe" ya riga ya yi rabin tafiyar da mai jin Ingilishi kaɗai zai fara daga tushe. Abin takaici shi ne ɗalibin da ya tashi da waɗannan a bakinsa yakan ajiye su a ƙofar aji, ya karɓi bayanin da aka rubuta domin wanda bai taɓa jin irinsu ba, sannan ya kammala cewa Japananci harshe ne mai wuyar sha'ani. Da zai buɗe littafin rubutunsa ya raba shafi uku, jimlar Japananci a hagu, fassarar littafin koyarwa a tsakiya, abin da zai faɗa da Hausa a dama, da ya ga cewa shafin dama ne ya fi yawan faɗa masa dalilin da ya sa aka zaɓi *wa* aka bar *ga*. Inda shafin dama ya kasa, kamar a wajen *kureru*, nan ne ainihin sabon darasin yake, kuma nan ya kamata awoyinsa su tafi.